Sunan Gari, Sunan Sarauta, Ina Sunan Sana'a?

Hausawa na cewa suna linzami ne. Idan haka ne, to ya kamata kowannenmu ya tsaya ya dubi irin linzamin da aka sa masa, ya kuma tambayi wanda ya ƙera shi. Babu ɗalibin da ya shigo jami'ar nan ba tare da ya cike takardu ba, kuma a kowace takarda akwai wani ɗan gurbi da ake cewa a rubuta sunan zuriya. Bature ba ya ko ɗaga kai in ya zo wurin, don tun kafin a haifi kakan kakansa aka yanke masa abin da zai rubuta. Bahaushe kuwa sai ya ɗan yi jim. Wani ya sa sunan mahaifinsa, wani na kakansa, wani sunan garinsu, wani kuma sarautar gidansu. A kan wannan ɗan jim ɗin nake so in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, amma ta hanya mai nisa zan biyo, don sai na ratsa ta ƙasar Jamus kafin in komo Daura.

Jamusawa suna da wata kalma, Zeichner. Harafinta na farko ana furta shi kusa da yadda muke furta "ts". Ma'anarta mai zane, wato mutumin da sana'arsa ke nan ya zauna da takarda da alƙalami ya fitar da siffar gida, ko inji, ko gada, ko taswirar ƙasa, kafin a soma aikin. Tushenta shi ne zeichnen, wato zana, shi kuma yana da dangantaka da Zeichen, wato alama. Wannan ɗafi na "-er" da ke ƙarshen kalmar aikinsa ɗaya da namu "ma-" da muke sawa a farko, mu ce maƙeri, masaƙi, marini, majemi, magini. Har nan dai babu abin mamaki. Abin da ya ja hankalina shi ne kalmar ba ta tsaya a sunan sana'a ba, ta zama sunan zuriya. Akwai mutanen da ake haifa da sunan, su mutu da shi, su bar wa 'ya'yansu, ko da kuwa ba su taɓa ja wa kowa layi a takarda ba. Har a majalisar dokokin Ingila akwai Daniel Zeichner, wanda mutanen Kambirij suka fara zaɓa a 2015, shi kuwa siyasa ya sa gaba.

In an lura, wannan suna ɗan ƙaramin reshe ne na wata babbar bishiya. Sunan zuriyar da ya fi kowane yawa a Jamus shi ne Müller, wato mai niƙa. Na biye da shi Schmidt, maƙeri. Sai Schneider, tela, da Fischer, masunci, da Weber, masaƙi. Akwai Maurer, magini, da Gerber, majemi, da Färber, marini, da Metzger, mahauci. Har wanzami bai rasa rabonsa ba, don sunan Bader ya samo asali ne daga mai gidan wanka wanda shi ne ke yin aski da ƙaho a garuruwansu na dā. Tun wajen ƙarni na 12 suka fara wannan al'ada, lokacin da birane suka cika, masu suna iri ɗaya suka yi yawa, magatakardan haraji da na gado suka rasa yadda za su bambanta wannan da wancan. Sai aka riƙa liƙa wa mutum abin da yake yi. Da tafiya ta yi tafiya laƙabin ya daskare, ɗa ya gada daga uba. Ka ga ke nan wanda ya buɗe littafin sunayen Jamusawa kamar ya shiga kasuwa ce, rumfa na bin rumfa. Larabawa ma haka, suna da Haddad da Najjar da Khayyat, kuma almajiran ilimi da ke karanta Muƙama a zaurukanmu sun san marubucinta da Hariri, wato mai alharini.

To mu fa? Ba sana'a muka rasa ba, ba kuma laƙabinta muka rasa ba. Kowane gari a ƙasar Daura, daga birni har Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, da wuya ka rasa wanda ake kira wane Tela, wane Maƙeri, wane Wanzami, wane Mai Nama. Da Turawa suka zo aka sami ƙari: Akawu, Direba, Kafinta, Birkila, Masinja. Sarakuna sun naɗa Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina. A manyan biranenmu akwai unguwannin da sana'a ta raɗa wa suna, irin su Soron Ɗinki a Kano. Amma ku ɗauki jerin sunayen ajinku ku duba. Za ku ga Waziri da Galadima da Madaki da Ciroma da Ma'aji. Za ku ga Alƙali da Liman da Ladan da Na'ibi. Za ku ga garuruwa ba iyaka, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da Alhaji Shehu Shagari, mu ma a wajenmu aka san Malam Mamman Daura da Alhaji Sani Zangon Daura. Marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a Daura a 1942 aka kuma rufe shi a can a 2025, sunansa na komawa ne ga Imamu Buhari, shi kuma ga garin Bukhara. Gari ya shiga takarda, sarauta ta shiga, malanta ta shiga. Sana'ar hannu ita aka bari a bakin ƙofa tare da takalma.

Ni wannan magana ba a littafi na fara cin karo da ita ba, a gidanmu na tarar da ita. Kakana magini ne, ɗan gado, haka ubansa, haka kakansa. Na riske shi ya tsufa, ƙarfi ya ƙare, amma ido da baki suna nan. Bai taɓa riƙe fensir ba, duk da haka shi ne mai zane na farko da na sani. Idan mutum ya kira shi aikin gida, sai ya je filin da sassafe, ya zagaya shiru, ya dubi gabas, ya dubi inda ruwa ke gangarawa da damina. Daga nan sai ya tuɓe takalmi ya riƙa jan ƙafa a ƙasa. Nan zaure, nan shigifa, nan turaka, nan ɗakin uwargida, can nesa rijiya, can kuma bayan gida. Da taki yake awo, da kamu, da gaba. Mai gida ya bi layin nan da ƙafarsa, ya shiga ɗakin da ba a gina ba ya fita, ya ce a ƙara nan, a rage can. Sai kakana ya shafe da tafin ƙafa ya sāke ja. In an daidaita a zuba toka a kan layin, a soma haƙa. Sauran lissafin duk a kansa yake: tubali nawa katanga za ta ci, kaurin gindinta, inda za ta fara sirancewa, yawan azarar da za a ɗaure a yi bakan gizo, inda indararo zai zubar da ruwa don kada ya ci bango. Bayan an yi yaɓe an shafa makuba, sai ya koma fuskar zaure ya fitar da dagi da sauran ado da yatsunsa. Ranar da aka tare a gidan, zanen farko ya riga ya ɓace ƙarƙashin gini, na biyu kuwa yana jiran damina ta cinye shi kaɗan-kaɗan.

Mahaifina shi ya ɗauke zanen daga ƙasa ya mai da shi kan takarda. Ya yi makarantar koyon sana'a, ya fito mai zanen gine-gine a ofishin gwamnati, tun muna cikin Jihar Kaduna har aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Na tashi na ga allon zanensa a jingine a ɗaki, da doguwar rula mai kai kamar gatari, da kamfas, da takarda mai shara-shara wadda ake hango yatsa ta bayanta, da reza ta kankare kuskure. Yakan kwana uku a kan takarda ɗaya. Injiniya ya ba shi lissafi da ɗan zane na gaggawa, shi kuwa ya fitar da komai daki-daki, yadda birkila da kafinta da mai ƙarfe za su duba su gane ba tare da an yi musu bayani ba. Kayan aikin da ya fi ji da su duk na Jamus ne: alƙalamin tawada na Rotring, fensiran Staedtler da na Faber-Castell. A jikin wata 'yar takarda da ta zo cikin akwatin alƙalaman nan na fara ganin kalmar Zeichner, na kwafe ta, sai bayan na zo jami'a na sami ƙamus a laburare na gane ashe sunan aikin mahaifina ne. Daɗin daɗawa, shi kansa kamfanin Faber-Castell wani kafinta ne mai suna Kaspar Faber ya kafa shi a 1761 kusa da birnin Nurembag, kuma Faber da Latinanci na nufin mai sana'ar hannu, musamman maƙeri. Wato shekara da shekaru mahaifina yana riƙe da sunan zuriyar wani mai sana'a a tsakanin yatsunsa, nasa sunan kuwa haruffa biyu ne a wani ɗan akwati can ƙasan takarda ta hannun dama, inda aka tanada don mai zane. Akwai ɗakunan karatu da ɗakunan shan magani a ƙauyukanmu waɗanda daga allonsa suka fito. A jikin bangonsu an manna allon dutse mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe.

Wata rana na tambaye shi, na ce, "Baba, me ya sa da aka kai ku makaranta ba a rubuta muku Magini ba, alhali duk unguwa da haka aka san gidanmu?" Ya yi murmushi ya ce ranar da aka ɗauke su malamin rajista ya tambayi sunansa da na ubansa, da aka tarar akwai wani yaro mai irin sunan sak, sai aka ƙara masa Daura, shi ke nan. Na ce, "Da an tambaye ku fa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Kai yaro ne. A ajinmu akwai ɗan hakimi, akwai ɗan alƙali. Wa zai miƙe a gabansu ya ce shi ɗan mai kwaɓa ƙasa ne?"

Wannan amsa ita ce gaskiyar maganar, kuma kowa a cikinmu ya san ta ko da bai faɗa ba. Bahaushe ya jera sana'o'i hawa-hawa. Sarauta a sama, sai malanta, sai fatauci, sai masu aikin hannu, su ma wani na gaban wani, har a gangaro kan mahauta da makaɗa da maroƙa. M. G. Smith, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan tarihin mulkin Daura aka buga a 1978, ya daɗe da bayyana wannan tsari, har da bambancin da muke yi tsakanin wanda ya gaji sana'a da shigege. Muna cewa sana'a sa'a, muna cewa babu maraya sai raggo, amma ranar neman aure ba karin magana ake tambaya ba, asali ake tambaya. Saboda haka da boko ya zo da rajistarsa, kowa ya miƙa abin da zai ɗaga shi, ya ɓoye abin da yake tsoron za a yi masa gori da shi. Wanda ke da sarauta a gida ya miƙa ta. Wanda ba shi da ita ya fake da sunan gari, don gari rigar kowa ce, ba ta nuna ɗan sarki ba ta nuna ɗan majemi.

Wannan hali ya girmi boko nesa ba kusa ba. Ku dubi labarin da mu Daurawa muka fi alfahari da shi. An ce Bayajidda ya baro Borno, ya biyo ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiya. Ya tafi Kusugu ya sare kan macijin, sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai. To ku ƙirga sunayen da labarin ya adana. Baƙo yana da suna, tsohuwa tana da suna, sarauniya tana da suna, rijiya tana da suna, kai har macijin ma an ce Sarki ake kiransa. Wanda ya hura wuta ya daki ƙarfen da aka yi aikin da shi fa? "Maƙeran Gaya" kawai aka ce, aka wuce. Wanda ya haƙa Kusugu ya ɗaure bakinta, shi ko ambatonsa ba a yi ba. Duk wanda ya kai baƙo ganin rijiyar nan ya ji an jero sarakuna, bai taɓa jin an jero magina ba.

Kada a ɗauka aikin mai zane ƙaramin abu ne don ba a jin sunansa. Mu mutanen kan iyaka mun fi kowa sanin nauyin layi ɗaya. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, Ingila da Faransa suka yi ta ciniki a kan inda rabon kowa zai tsaya, suka yi yarjejeniya a 1898, suka gyara a 1904, suka sāke gyarawa a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana awo tana kafa alamu. Abin da suka auna, wasu masu zane ne suka zauna a ofis suka mai da shi layi a taswira. Wannan layi shi ya bar Zango da Baure da Mai'aduwa a Nijeriya, ya bar Magarya da Kance da Matamai a Nijar. Yau mutum ya tashi daga Daura zai gaishe da gwaggonsa, sai ya tsaya a Kwangwalam ya yi bayani. Ɗan wa ya koyi Ingilishi, ɗan ƙane ya koyi Faransanci. Kaurin layin nan a takarda bai kai na tsinken tsintsiya ba. Haka kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021 aka kuma tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya: kafin katafila ta taɓa gonar kowa, sai da wani ya ja layi ya ce ta nan za a bi.

Ban ce ba a taɓa girmama magini a ƙasar Hausa ba. A Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, ya gina masallacin Juma'a da bakan gizon da masana gine-gine na duniya suka yi ta rubutu a kansa. Aka kira shi Babban Gwani, sunan ya bi gidansa da unguwarsa da zuriyarsa. Akwai kuma ruwayar da ke cewa birnin Kano ya samo sunansa daga wani maƙeri mai suna Kano da ya zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. In ruwayar ta inganta, to duk Bakanon da ya rubuta Kano a ƙarshen sunansa sunan maƙeri ya ɗauka bai sani ba. Amma ku lura, shi Babban Gwani sai da gwanintarsa ta zama kamar sarauta kafin sunan ya zauna. Ta ƙofar fada ya shiga.

Yanzu bari in juya ɗaya gefen, don kada a ce na ga na Bature na raina namu. Sunan Bajamushe kwasfa ce wadda ƙwayar cikinta ta daɗe da fita. Müller na yau bai san ƙarar dutsen niƙa ba, Weber bai san ƙoshiya ba. Ita kanta sana'ar mai zanen injuna, wadda matasansu suka daɗe suna koyo a ƙarƙashin wannan suna, hukuma ta sāke mata fasali da suna a 2011, saboda kwamfuta ta karɓe allo da rula. Tun da manhajar AutoCAD ta fito a 1982 aka san inda aka dosa. Guguwar da ta kai allon mahaifina bayan ƙofa ita ce ta kai nasu. Mu kuwa laƙabinmu yana da rai: ba a ce da mutum Tela sai an ga keke a gabansa, ran da ya bari ya koma fatauci, a hankali sunan zai sake shi. Akwai adalci a cikin wannan. Ɗan mahauci da ya yi karatu ya zama likita ba dole ne ya ja wuƙar ubansa a takardunsa har kabari ba, in bai so ba. Kuma suna na dindindin ba kullum da son mai shi ake liƙa shi ba. A 1787 Sarkin Ostiriya Yusufu na Biyu ya kafa doka cewa dole Yahudawan ƙasarsa su ɗauki sunayen zuriya irin na Jamusawa, don hukuma ta ji daɗin ƙidaya da haraji da ɗaukar soja. Linzami dai linzami ne, wanda ya riƙe shi yake juya doki.

Abin da ya sa na ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne, abin da ya sami Jamusawa cikin ɗaruruwan shekaru, mu a zamaninmu yake faruwa, a gaban idonmu. Dā can asalin Bahaushe a fuskarsa yake. Wanzami shi ne mai zanen zuriya, da askarsa yake rubuta wa jariri ko shi Badauri ne, ko Bagobiri, ko Bakatsine, kowa ya gani ya karanta. Wannan ya ja baya, har dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana. Sunan uba kuma dā yana sauyawa daga tsara zuwa tsara: ɗa ya ɗauki sunan ubansa, jika ya ɗauki na nasa uban. Yanzu fa? An kawo lambar banki ta BVN a 2014. Lambar ɗan ƙasa ta NIN ta zama dole ga mai neman shiga jami'a tun 2021. Sunan da ke takardar firamare dole ya dace da na sakandare, ya dace da na banki, ya dace da fasfo. Wanda ya taɓa neman gyara harafi ɗaya ya san sai ya yi rantsuwa a kotu ya kuma buga a jarida. Ga mata da yara ana so a gan su da suna ɗaya da maigida in za a yi tafiya. Wato yumɓu ya fara bushewa. Abin da muka rubuta a ɗan gurbin nan, mu da 'ya'yanmu, da alama shi jikokin jikokinmu za su tarar. In muka bar shi yadda yake, nan da shekara ɗari biyu mai bincike zai buɗe sunayen Hausawa ya ce wannan al'umma ce ta waziri da galadima da alƙali zalla, babu wanda ya taɓa ƙera mata fartanya ko ya ɗaura mata azara.

Ni dai takarduna sun riga sun bushe da Daura, kuma ba na ƙin ta, garina ne. Amma na yi niyyar in Allah ya ba ni 'ya'ya, Magini zan rubuta musu a gurbin. Da na faɗi haka a gida, gwaggona ta riƙe baki ta ce, "Kai da ka je jami'a, ka rasa abin da za ka jawo mana sai laka?" Mahaifina bai ce komai ba a lokacin. Bayan kwana biyu ya kira ni ya jero mini sunayen kakanninmu magina har shida, da gidajen da kowannensu ya gina a cikin birni, waɗanda suka rushe da waɗanda siminti ya rufe. Ya ce in rubuta. Ashe yana riƙe da su duk shekarun nan, ba wanda ya tambaya.

Ban ce kowa ya bi ni ba. Kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa, kuma wanda gori ya taɓa ci a kan sana'ar gidansu ba ni da bakin ba shi shawara. Roƙona ga wannan ƙungiya tamu ƙarami ne. Muna tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi da karin magana, muna rubuta kundi a kan sarakuna da makaɗansu, kuma duk aiki ne mai kyau. To in an tafi hutu, kowa ya sami tsohon da ya rage a unguwarsu, maƙeri ne ko marini ko majemi ko magini, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan. Ya tambayi wa ya gina zauren mai unguwa, wa ya haƙa rijiyar masallaci, wa ya sassaƙa ƙyauren ƙofar gari. Wanda ke da ɗan'uwa a ofishin safiyo ko na ayyuka ya roƙa a buɗe masa tsofaffin takardun zane kafin gara ta gama da su, ya dubi ɗan akwatin nan na ƙasa ta hannun dama, ya tambayi masu haruffan su wane ne. Mu kawo abin da muka samu a ware masa shafi a wannan mujalla, fitowa bayan fitowa. Daura ta adana girgam na sarakunanta tun daga sarauniyoyi, shi ya sa har gobe ake jero su ba a tuntuɓe. Masu sana'a ba su da maroƙi ba su da magatakarda, sai mu da aka ba alƙalami. Tsofaffin kuwa ba jiranmu za su yi ba, kowace damina da katangar da take kayarwa.

Allah ya ba mu ikon yi.